Inna, Ɗanki Ya Shiga Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ni ne ɗanki Isufu, daga Greensboro ta ƙasar Amurka. Muna nan lafiya, da ni da Rabi da jikarki Nana.

Akwai labarin da na so in ba ki ina durƙushe a gabanki, Allah bai nufa ba. Inna, na shiga ruwa.

Na san yadda za ki ɗaure fuska. A Gaya kika haife mu, daga ƙofar gidanmu ana hango gulbi, danginki kaf masunta ne. Amma tun ranar da mamari, igiyar nan mai tarin ƙugiyoyi, ya riƙe ƙanenki Kawu Idi a ƙarƙashin ruwa, kika ce ɗanki ba zai shiga ba. Kullum maganarki ɗaya ce: "Ruwa ba shi da reshen kamawa." In na dawo daga lakwal, makarantar boko, sai ki ja ƙaurina ki karta da farce, ki duba ko zai yi fari irin na wanda ya yi wanka a gulbi. Bai taɓa yi ba. Na girma, na yi gemu, ban iya ko iyon kare ba.

Da kin ga inda Allah Ya ajiye ni, da hankalinki ya kwanta. Greensboro gari ne na tudu, sai mutum ya yi rabin yini a mota kafin ya ga teku.

To, a siton kayan katako da nake aiki akwai wani dattijo baƙar fata, Roy, haifaffen bakin teku. Kullum da soyayyen kifi yake zuwa, yana gutsura mini. Ran nan na yi masa alfahari cewa kakannina masunta ne. Ya tambaye ni tsawon lokacin da nake iya riƙe numfashi a ruwa. Da na gaya masa gaskiya, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce bai taɓa ganin agwagwa mai tsoron raɓa ba sai a kaina.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na je na shiga ajin koyon iyo a tsakiyar gari, kusa da titin Elm, duk Asabar da safe. Abokan karatuna yawanci tsofaffi ne da likita ya ce su motsa jiki. Ni kaɗai ne mai wando har ƙasan gwiwa, ni kaɗai ne kuma mai rungumar bango. Ranar da na fara tsallake ruwan daga wannan gefe zuwa wancan, tsofaffin suka yi ta tafa mini. Rabi kuwa in na dawo da jajayen idanu sai ta ce, "Baban Nana, in ka ƙoshi da ruwan nan ka rage wa masu gari."

Da na iya, Roy ya kira ni gidansa a McLeansville ya nuna mini bindigar kifi. Kada sunan ya tsorata ki, ba ta da harsashi. Sanda ce mai kaurin roba, kamar danƙon harbin tsuntsu, ana ɗana mata siririn mashi. Amma bai bar ni na taɓa ta ba sai da ya zaunar da ni a gindin bishiya ya karanta mini doka, kamar mai biya wa yaro allo.

Sai da lasin ake kama kifi a bakin teku. Tafkunan da garinmu ke shan ruwansu ko iyo ba a yi a ciki, balle suka. In za ka nutse inda jirage ke wucewa, sai ka kafa jar tuta mai farin layi don su kauce maka. Akwai kifin da ba a sukarsa ko da ya zo ya sumbace ka. Wanda aka halatta ma yana da tsawon da dole ya kai. Nan ne wahalar take, Inna. Mai ƙugiya in ya kama ƙarami sai ya mayar da shi ruwa, mai mashi ba shi da wannan gatan. Ga shi tabaran ruwa suna ƙara wa komai girma. Roy ya kan ce, "In kana shakka, bar shi ya je ya girma."

Na ji maganar da kunne biyu, don a lokacin takarduna na zama suna hannun hukuma. Ko ƙaramin laifi ban so a rubuta mini, kin san rashin takardun nan ne ya hana ni zuwa jana'izarki.

Da muka je teku da Roy, kifina na fari wani ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya, yana kwance cikin rairayi. Na bar waɗanda na yi shakkarsu suka wuce, sannan na yi bisimilla na harbi wannan. Ina fitowa sai ga jami'in kula da kifi ya tsayar da jirginsa kusa da namu. Ya duba lasin ɗina, ya kwantar da kifin a kan ma'auni. A tudu sai na ga kifin nan ya tsuke, kamar an musanya mini. Na karanta duk abin da na haddace. Ya haura layin da kamar faɗin yatsa. Jami'in ya miƙo mini shi, ya ce in soya da garin masara. Rabi ba ta bi shawararsa ba, da yaji da albasa ta yi, irin naki.

Sai maganar wuƙa. Ranar farko Roy ya ɗaura mini wata gajeriya a ƙauri, cikin kube na roba. Na zaci don manyan kifaye masu cizo ce. Ya ce a'a, ta yankan igiya ce. Ƙarƙashin ruwa cike yake da zaren masu ƙugiya da tsofaffin taru, su ne ke riƙe mutum. Na zauna a kan rairayi ina kallon wuƙar. Ya zaci tsoro nake ji. Kawu Idi nake tunani, mutumin da ban taɓa gani ba.

Wuƙar kuwa ta yi mini rana sau ɗaya. Zare ya naɗe mini ƙafa a gindin wasu duwatsu, na ja, ya ƙi. Na zaro ta na yanke, na taso. Shi ke nan labarin, bai fi haka tsawo ba.

Bana takardu suka fito, na yanki tikitin gida. Na ƙudura sai na kai wa yayanki Kawu Garba bindigar kifi da wuƙaƙen ruwa. Amma tun harin jiragen nan na 2001, ko ƴar wuƙar yankan farce ana ƙwacewa a filin jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na yi ta buga waya ina tambaya. Amsar ba ta canza ba: wuƙa da bindigar kifi ba sa shiga jakar hannu, sai cikin kayan da ake aunawa a sa a ƙasan jirgi. A cire robar, a raba mashin da sandar, a naɗe tsininsa, kowace wuƙa cikin kubenta don kada ta yanki mai bincike.

Rabi ta ƙara tata dokar. Ta ce, "Sunanka Isufu Muhammadu, ga gemu, kada in ji bakinka ya furta bindiga a wurin nan. Kayan kamun kifi ne." Har muka isa filin jirgi tana sa ni maimaitawa, Nana tana gyara mini Turancin daga kujerar baya.

Na faɗa wa ma'aikatan da kaina kafin su tambaya. Aka buɗe balis ɗin, wato akwatin kayana. Ma'aikacin ya juya sandar, ya duba kube ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaye ni ko akwai kada a kogin namu. Na ce akwai, har da dorina. Ya girgiza kai ya ce to in yi hankali, ya mayar da komai yadda ya same shi. A Yamai kuma ƴan duwan masu binciken kaya suka taru suna kallo, har wani mutumin Ayoru a cikinsu ya yi musu bayani cewa zagon Nasara ne, wato mashin sukar kifi na Turawa, suka yi dariya suka sallame ni.

Inna, abin kunya a Gaya ya same ni. Damina ce, gulbi ya yi ja wur. Na sa tabarau, na ɗauki bindigar na nutse gaban jama'a, ko tafin hannuna ban gani ba. Kawu Garba ya yi dariya har hularsa ta faɗi a kwalekwale. Ya ce, "Wannan ta masu ido ce, ɗan Hajara. Mu nan da hannu muke gani." Yanzu bindigar tana rataye a zaurensa, baƙi na zuwa kallo.

Wuƙar ce ba ta ba shi dariya ba. Ya zare ta, ya sa aka kawo guntun igiyar mamari, ya ɗora, ta rabu biyu ba tare da ya goga ba. Ya daɗe yana kallon guntayen. Sannan ya kira ɗansa Sani ya ɗaura masa ita a ƙauri da hannunsa, ya ce daga yau ba mai nutsewa ya kwance mamari a gidan nan sai da ita.

Da yamma muna zaune a bakin ruwa ya gaya mini abin da ba ki taɓa faɗa ba. Ya ce a cikinsu duka ba wanda ya kai ki iyo, kina budurwa kike tsere wa samari zuwa tsibiri. Ya ce ranar Idi maza sun nutse sun gaji, ke ce kika sauka kika lalubo shi, kika kwance ƙugiyoyin da yatsunki har suka yayyage. Daga ranar ba ki sake shiga ba.

Na san tabon nan na hannunki. Da shi kike ba ni tuwo a baki, ban taɓa tambaya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da ƙanenki a inuwa ɗaya, Ya shayar da ku daga Alkausara. Mu da muka rage, Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Isufu