Kada Ka Kunna Wutar Gidan

Baban Nasiha,

Na kira ka ban samu ba. In ka dawo daga kasuwar Gwaram ba za ka tarar da ni ba, muna asibiti a Birnin Kudu.

Hadijatu matar Malam Yunusa ta zo ɗazu daga Kiyako gyaran jiki. Na wanke mata dilka, ƙasa duk ruwa, ba takalmi a ƙafarta saboda lalle. Sai na kunna injin turara fuska, wanda filoginsa ya karye ka cusa wayoyin tsirara a soket, ka danne su da tsinken ashana, ka ce zuwa ranar kasuwa. Waya ɗaya ta zame ta kwanta a jikin ƙarfen injin. Tana kai hannu wuta ta kama ta. Da muciya na doke wayar kafin ta sake ta. Tafin hannunta ya ƙone. Tana numfashi, amma har yanzu ba ta yi magana ba, kuma ni zan tsaya gaban mijinta.

Na kashe wutar gidan daga wajen mita. Kada ka kunna, ko zafi zai kashe ka. Kada kuma ka ce za ka gyara da kanka, ka kira mai gyaran wuta.

Nasiha tana wajen Inna. Jiya na cire mata tsinken ashana a baki. Sai yanzu na gane inda ta zaro shi.

Batulu