Ɗakina a Bangon Aji

Kunduru,
ta Kankiya, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Malam Ummaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Yaya ciwon gwiwar nan da kan tasar maka in ruwan Fatakwal ya yi yawa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An cire gyaɗa, an yanke gero, dawa ce kawai ta rage a gona. Na je Ƙofa na duba Inna, tana nan da ƙarfinta, sai dai ido da ya rage gani. Ta ce in gaya maka ta gaji da jin muryarka a waya, fuska take son gani.

Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Wayar gidan nan a aljihun Malam maigidana take kwana, in kuwa na karɓa yara sun kewaye ni ke nan, maganar kuma ba ta gaban yara ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Mannir direba da zai yi lodin shanu zuwa wajenku. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san sai da furfura ta fara fito mani na shiga ajin yaƙi da jahilci. In wani wuri bai fita ba, ba laifin alƙalami kaɗai ba ne, ni kaina abin bai gama fita a kaina ba.

Maganar 'yarka ce, ta farin nan tawa. Ka san ba na kama sunanta, ko a takarda hannuna ba ya yarda. Karatunta na malanta ya kai inda ake tura su koyarwar gwaji, aka ba ta wata firamare a can Kusada. Tana koyarwa a can tsawon mako, ranar Asabar kuma su haɗu a Kankiya wajen malamin da ke duba su. To, ashe malanta ta yanzu ba alli da allo kaɗai ba ce. An ce dole kowa ya iya aiki da kwamfuta da majigi, wato wata 'yar na'ura da ke haska hoto a bango, kuma dole kowa ya ɗauki kansa a bidiyo yana koyarwa da su, ya tura wa malamin. In babu wannan, an ce gwajin bai cika ba, sai dai ta jira wata shekara.

Yaya, yarinyar nan ta sha wahalar abin. Ba ni take faɗa wa ba, ƙannenta take ba labari a tsakar gida ina daga madafa ina ji. Farkon da ta gwada a makaranta, ta jingina wayar a taga, ta yi ta zuba bayani har ta gama, da ta duba sai ta ga rufin aji kawai ta ɗauka. Da ta sake, hoto ya fito amma babu murya. Wani karon majigin ya hasko hoton ƙafa a sama kai a ƙasa, yara suka yi ta karkata wuya suna dariya, kafin ta gano inda ake juya shi caji ya ƙare. Ta dawo gida duk ta rame, in ta zauna cin tuwo waya na hannun hagu tana latsawa. Ni dai ina kallo, ban san abin da zan yi mata ba sai addu'a.

Rannan sai ta zo da majigin gida, hedimasta ya ara mata na kwana biyu. Ta tsaya bakin madafa, tana kallon gefe kamar yadda muka saba, ta ce da za ta samu mutane su zauna mata kamar 'yan aji, da ta gwada a ɗauka a duba. Na ji kalmar nan da kunnena, a duba. Ni a zatona ita ce za ta duba, kamar yadda mutum ke duba madubi ya gyara ɗaurin kallabi. Ban tambaye ta wa zai duba ba, don ni da ita ba mu taɓa yin magana mai tsawo ba tun da na haife ta. Ta faɗi tata tana kallon bango, ni in yi shiru, in kuwa na yi shiru ta san na yarda. Haka muke, kuma bai taɓa ɓata mamu komai ba sai wannan karon. Ita ta ɗauka na gane malaminsu ne zai gani kuma na amince, ni kuwa ban san akwai wani malami a cikin maganar ba.

Ni na aika aka kira matan da muke ajin yaƙi da jahilci tare, har da Hawwa'u matar Manu maƙwabcinmu. Hasken majigi ba ya fita a tsakar gida da rana, sai muka shiga ɗakina, aka saki labule, aka rataya farin zanen gado a bango. Zafi ya sa kowa ta ajiye mayafi, tunda mu kaɗai ne. Darasin a kan gyaɗa ne, saiwa da ganye da 'ya'ya. Wannan karon kuwa komai ya yi mata daidai. Gyaɗa ta fito a jikin zanen gadona, kowace ɗaya kamar tulu. Hawwa'u, ka san ta da baki, ta riƙe haɓa ta ce, "Da gyaɗar maigidana ta kai rabin wannan, da ya koyi dariya kafin ya mutu." Ɗaki ya kaure, har ita mai koyarwar sai da ta juya baya ta yi tata. Daga baya ta ce wata ta taso ta karanta kalmar da ke bango, duk suka tura ni. Na tashi, na haɗa baƙaƙen da ƙyar, na yi kuskure ta gyara mani, na sake, sannan na ce saiwa. Ta ce a tafa mani, aka tafa.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau na rasa gane ko alheri ne ko akasinsa. Ta tura, malamin ya gani, ya ce a duk ajinsu babu wanda nasa ya kai wannan kyau. Don jin daɗi, ranar Asabar ya sa shi a majigi a gaban 'yan ajin duka, maza da mata, wai su koyi yadda ake jan hankalin ɗalibai. Yaya, ɗakina ke nan a bangon aji a Kankiya, da gadona da jeren kwanonina da matan mutane ba mayafi. Ɗakin da ko ƙanen Malam bai taɓa leƙawa ba. A cikin 'yan ajin kuma akwai Mubarak, ƙanen Manu uwa ɗaya uba ɗaya. Aji ya yi dariyar maganar gyaɗa, shi bai yi ba. Kafin la'asar magana ta iso Kunduru.

Manu ya yi sallama da Malam a zaure. Ban ji duka ba, amma na ji yana cewa shi bai hana matarsa karatu ba, bai kuma ce a kai ta kasuwa a nuna ba. Ya ce yanzu ko masallaci ya nufa sai ya ga kamar samari na kallon bakinsa su ga ko ya koyi dariyar. Ya hana Hawwa'u shigowa gidanmu, ya hana ta zuwa aji. Malam ya shigo ransa a ɓace, ya ce yarinyar ba za ta koma Kusada ba sai an dawo da hoton nan gida. Ita kuma tana kuka tana cewa ba abu ba ne da ake dawowa da shi. Ta goge na wayarta a gabanshi, ya ce to shi ke nan, ta ce a'a, akwai shi a kwamfutar malamin, akwai kuma a wani wuri da suke turawa wanda ba a Kankiya yake ba, ba kuma a Katsina ba. Malam ya ce to a ina yake, a ba shi sunan garin. Ta ce ba gari ba ne. Ni ma nan kaina ya ɗaure. Abu yana hannunka ka goge shi, a ce yana nan. Ka tambayi inda yake, a ce ba wuri ba ne. Kai da kake cikin masu ilimi, don Allah in ka gane ka bayyana mani.

Malamin dai mutumin kirki ne. Da ta je ta yi mashi bayani ya ba da haƙuri, ya ce bai yi tunanin haka ba, ya goge nashi da na can wurin, ya aiko Mubarak ya shaida wa yayansa. Na tambayi ƙanwarta ko wani ɗan aji bai ɗauka da wayarsa ba lokacin da ake nunawa, ta ce ita ma yayar tata ba ta da tabbas. Wannan na bar wa Allah. Sai dai malamin ya ce ba zai iya ba ta sakamako a kan abin da babu shi ba, lokacin turawa kuma ya kusa rufewa, majigin ma yana hannun wasu da ke jiran layi. Hanya ɗaya ta rage, ta yanke bidiyon, ta cire duk inda matan suka fito, ta sake turawa. Ashe ƙanwarta na da shi a tsohuwar wayar da aka fara ɗauka da ita, ka ga wani abin mamakin kuma. Amma ya ce dole a bar wurin da ɗalibi ke amsa tambaya, don malami ba ya koyar da bango.

Ta kwana biyu tana koyon yankan nan. Ban ga almakashi ba, ban ga wuƙa ba, yatsa kawai take ja a kan gilashi. Yankan farko kanta ta cire ta bar Hawwa'u. Na biyu ta cire Hawwa'u amma dariyarta ta ƙi fita, ana ji ba a ganin mai ita. Da ƙyar ta samu ya tsaya. Da ta gama, wuri ɗaya tak ya rage da ɗalibi ya fito shi kaɗai ba kowa a gefensa, wato inda na tashi na karanta saiwa. Allah ya taimake ni kallabina na kaina, amma fuskata ce sarai, ga kuskurena, ga 'yar cikina tana gyara mani. In aka cire ni, babu ɗalibi, shekararta ta tafi. In aka bar ni, wani namiji zai sake kallona, kuma ban san ko nan zai tsaya ba.

Malam ya ce shi bakinsa ba zai furta a nuna matarsa ba, amma ba zai so a ce shi ya kashe wa yarinya karatu ba. Ya ce in kai, da kake babba a gidanmu, ka ce ba komai, shi ba zai hana ba. Ina jin so yake wani ya ɗauke mashi nauyin faɗa.

Jiya da hantsi na kira ta ɗaki. Wannan karon ban yi shiru ba, na ce ta zauna ta faɗa mani dalla-dalla wa zai gani, a ina za a ajiye, kuma yaushe za a goge. Ta amsa abin da ta sani, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Rabin bayanin bai shiga kaina ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma na gane in babu ni babu sakamako. Na ce mata, "Ki bar ni a ciki." Ta sunkuyar da kai, ni ma na rasa inda zan sa idona, sai na ce ta tashi ta duba tukunya.

Saboda haka, Yaya, ni na riga na yarda, kalmarka kawai ake jira. Don Allah ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka kira Malam, kada ka bari Asabar ta zo. Kada ka yi mashi faɗa, kada kuma ka ce na rubuto da ƙorafi, ka ce mashi kawai ka ji kuma ba komai. In ya samu wannan, ranar Litinin tana Kusada.

Ka gaishe mani da Zuhura da kyau, ka ce na gode da atamfar. Ka gaida Ɗahiru da Hussaina da autanku, Allah ya yi masu albarka. Inna na gaishe ku, yaran nan duka na gaida Kawunsu. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Kubura.