Mabuɗin da Ganga Ta Faɗa

Savelugu

Zuwa ga jikata Tiyumba, amaryata mai gudun miji. Gaisuwa mai yawa, ya karatu a Kumasi? Dawuni tela ke rubuta mini, in kin ga kuskure nasa ne.

Na ji bayanin makullan da kika ce in zaɓa don muryata da kika naɗa a kwamfutarki. Wanda kamfani ke ajiye mabuɗi na biyu, ban yarda ba. Tarihin mutuwar sarakunan Dagbon ne a ciki, wanda mu makaɗa ba ma faɗarsa sai an yanka rago. In ya fita rediyo, gidajen sarauta biyu za su daina gaisawa, kuma sunana za a kira. Wanda ke kulle jaka ɗaya ma ban so. Wa ke kulle akwati ya bar ƙofa a buɗe? Ki sa wanda ke kulle komai, har ɗan ma'ajin nan mai kamar yatsa da kika yi kwafi a ciki.

Mabuɗi kuwa, ba a rubuta shi. Ki kira ni ran Juma'a, zan kaɗa miki shi da ganga.

Allah ya tsare. Kakanki, Neindow.

Kumasi

Kaka, ina gaisuwa da ladabi. Ka zauna kafin Dawuni ya karanta. An sace kwamfutar a tashar mota. Ɓarawon ba zai ji ko tarinka ba, a kulle take. Amma kwafin ya ƙi buɗuwa a hannuna. Wata da watanni da zanen yatsana nake buɗe kwamfutar, ban sake buga kalmomin ba. Me gangar ta ce ne? Ban iya cin abinci.

Taka, Tiyumba.

Savelugu

Tiyumba, bayan gaisuwa. Jikar makaɗi tana tambayar me ganga ta ce! Dawuni ya yi dariya har ya soki yatsarsa da allura. Kirarin gidan kakarki marigayiya ne, wanda nake kaɗawa kullum da la'asar a ƙofar gida. Ki buga shi. In ya ƙi, to, numfashina ya yi gajarta, ba zan iya sake rera wancan tarihin ba. Ki ci abinci.

Neindow.

Kumasi

Kaka, barka da hutawa. Na buga kirarin, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Ina cikin kuka sai na kama kaɗa shi da cokali a bakin kwano, kawai na ji ni a tsakar gida ina ƙarama. Ashe ni ban taɓa jin kirari a kiɗan nan ba! Tun ina yarinya na ɗauka kirana kake in shigo cin tuwo, har da zagin da kake haɗa mini. Abin da kunnena ya ji ran Juma'ar nan, shi na buga. Ya buɗe, Kaka. Muryarka tana nan, ba abin da ya ɓace. In faɗa maka kalmomin?

Amaryarka, Tiyumba.

Savelugu

Tiyumba, alhamdu lillahi. Yau na ci tuwo har na nemi ƙari.

Wato shekara da shekaru ina yabon kakarki, ke kina jin kiran tuwo. Allah ya shirye ki, mai kunnen ƙashi.

Kada ki faɗa mini. Mabuɗin da ni mai gangar ban sani ba, ina ɓarawo zai samo shi? Ki bar shi haka.

Sai kin zo. Mijinki tsoho, Neindow.