Binnen da Na Yi a Gonar Bakin Daji

Zuwa ga ɗana Habu a Zazzau, gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar karatu? Ina lafiyar malaminka da mutanen gidansa? Mu nan Kuyello lafiya lau. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san allon ubanka bai wuce izu uku ba.

Fataken da za su kawo maka takardar nan za su ce na zautu, to gara ka ji daga bakina. Na yi binne a gonar bakin daji, ƙasa a bushe, ko yayyafi ba a yi ba. Irin dawar nan ta kakanka na zuba duka, ban rage ko tafi guda ba.

Baffanka Tanko ya tsaya a kaina yana cewa, "Yaya, wannan zumuɗi ne, zabbin daji kake ciyarwa."

Na ce, "Bara natsuwarku na bi. Ruwa ya ɗauke dawa ba ta nuna ba, muka riƙa wuni a kan ganyen tafasa."

Na gane halin mutanen garin nan. In ta tsiro, su ce tsohon nan akwai himma. In zabbi suka tone, su ce zumuɗi. Su zaɓi wanda suke so. Yau kwanana tara a gona da majajjawa, ban sami zabo ko ɗaya ba, sai ƙafata sau biyu.

Ka roƙi malaminka ya sa mu a addu'a, Allah ya saukar da ruwa. Uwarka tana gaishe ka, ka gai da maƙwabta. In kuma ka ji irin ya ƙone, kada ka aiko mini da nasiha. Aiko da iri, zan sake binnewa.

Wassalam, daga ubanka.