Ƙaton da Ke Jikin Bangona

Litinin, 4 ga Agusta

Shekara ashirin da biyu ina wankin ciwo a asibitin nan na Garwa, yau an ce ko in ci jarrabawa ko in koma gida. Tsofai-tsofai da ni, an zaunar da ni a benci. Dakta Hamajoda ke koyar da mu, yaron da na taɓa yi wa allura yana tsala ihu a bayan uwarsa. Ya raba mana zanen wani ƙato tsirara, a tsaye, ya buɗe tafukan hannunsa gaba kamar wanda ake tuhuma da sata. Wai daga tsayuwar nan ake faɗin inda komai yake a jiki. Na manna shi a bangon ɗaki.

Laraba, 6 ga Agusta

Proksimal, kusa da gangar jiki. Distal, nesa da ita. Sauran sun zube a hanya. Na ce, "Dakta, ni in aka nuna mini ciwo da yatsa, na gani." Ya ce, "Goggo Didja, ranar da babu yatsan fa?" Duk ajin ya kwashe da dariya. Ɗan yau ke nan.

Asabar, 9 ga Agusta

Na juya fuskar ƙaton ta kalli bango. Ba zan yi salla yana tsaye a kaina ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Gwaji: shida bisa ashirin. Na rubuta hanta a hagu, don a haguna take in ina kallon ƙaton. Ashe damar mara lafiya ake bi, ba tawa ba. Ƙafafuna sun kumbura, ko tuwo ban ci ba. In aka sallame ni, wa zai ɗauki mace mai shekara arba'in da tara? Na gaji, wallahi.

Talata, 19 ga Agusta

Ƙanwata Dudu ta kira daga ƙauye da hantsi. Ruwa ya cinye hanya, ga 'yarta Fanta kwana biyu ciki na murɗa mata, tana amai.

"Ina ne ke mata ciwon?"

"Nan, Adda! Nan!"

"Ke, ta waya zan ga nan ɗin?"

Sai da na faɗa na ji wani iri. Na ce ta kwantar da ita rigingine. Sama da cibiya ko ƙasa? Ƙasa. Tsakiya ko gefe? Gefe. Damarki ko damarta? Ta ce, "Wajen hannun da take cin tuwo."

Na ruga wurin Hamajoda, na faɗa masa da kalmominsa, uku rak: ƙasa, gefe, dama. Ya ce a sako ta a kwalekwale yau, kada a jira gobe.

Laraba, 20 ga Agusta

An yi wa Fanta aiki. Hamajoda ya ce da an ƙara kwana, da ɗan hanjin da ya kumbura ya fashe. Bai yi mini gori ba. Da ya yi ma, da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 29 ga Agusta

Jarrabawa: sha ɗaya bisa ashirin, na tsallake. Ranar Litinin ina bakin aikina. Har yanzu ina kan bakana, rabin kalmomin nan wahalar da bayin Allah ne kawai.

Na juyo da ƙaton. Ba don komai ba, bayan takardar ne ya yi datti. Na dai liƙa masa ɗan ƙyalle a ƙugu.