Busassun Ganyen Mai Ƙaho

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya.

Mai Ƙaho ta faɗo. Reshen da take manne a kai ya karye da iskar jiya. Ban gaya wa Baba ba. Tun da aka kwantar da shi a asibiti da shanyewar ɓarin jiki bakinsa bai buɗe ba, amma kullum sai ya ware yatsu a saman kansa. Nas ta ɗauka ciwon kai ne. Ni na san shukar da Mama ta bar masa yake tambaya, mai ganye kamar ƙahon barewa.

Na dasa ta a bokiti, na ɓare busassun ganyen gindinta. Ta yi fes.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Fes ɗin gidanku.

Busassun ganyen nan ba datti ba ne, su ke riƙe mata ruwa, su rufe saiwa. Kuma ba ta zaman ƙasa, ruɓewa za ta yi. Cire ta yau.

Ɗauko tsohon katakon yankan albasa na Mama. Kafa ƙusoshi a zagaye, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa a tsakiya. Ɗora ta, idon da ganye ke fitowa ya kalli sama. Yayyanka tsohon gidan sauro ka ɗaure ta, kada ɗaurin ya bi ta kan idon.

Kada ka yi wa Baba ƙarya. Ce masa ita ma jinya take.

Allah ya ba mu lafiyarsa.
Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Na yi yadda kika ce. Gidan sauron bai isa ba, na ƙarasa da igiyar takalmina. Katakon har yanzu warin albasa yake. Na rataye ta gefen tagar ɗakin Baba a gida, inda zai gan ta daga gado idan ya dawo.

Da na je asibiti na gaya masa komai, har ɓarar ganyen. Ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙo hannun da ke aiki ya kama kunnena ya ja. Bai ja da ƙarfi ba, kuma bai saki da wuri ba.

A gaida yara.
Auta

Yaya,

Gaisuwa a gaggauce. Wani abu kore, kamar farcen jariri, ya leƙo a gindinta. Ban taɓa ba. Ko sabon ganye ne ko gansakuka, sai Baba ya gani.

Likita ya ce wataƙila a sallame shi ranar Alhamis. Bai sa hannu ba tukuna.

Naki,
Auta