Munduwar Inna ta Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga garin Hajj Abdalla zuwa Jidda, zuwa ga yayan Hanaa.

Sallama da gaisuwa mai yawa gare ka, da fatan takardar nan ta iske ka cikin lafiya da kwanciyar rai, kai da iyalinka. Allah ya tsare ka a baƙunta, ya sa albarka a hannunka, ya raya mana jaririya. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Babanku yana fama da gwiwa kamar kullum, amma ya ƙi barin hawasha, gonar nan tasa. Bana dawa kaɗai ya shuka, auduga kuwa ya ce sai ruwa ya dawo tur'a, magudanar ban ruwa, yadda yake a da. An ɗaga katangar da ta faɗi lokacin da yaƙi ya sa muka gudu Damazin, kuma itacen lemon da ka dasa bai mutu ba, duk da ya kwana biyu babu mai ba shi ruwa.

Kada ka yi mamakin rubutun nan. Ni ce da hannuna, mahaifiyarka. A Damazin aka buɗe mana ajin mata, muka zauna da furfurarmu muna bin alif da ba kamar 'yan yaye. Layukan sun karkace, ka yi haƙuri ka bi su a hankali. Da na so, da Hanaa ta danna waya na yi magana ka ji, amma abin da ke bakina ba na gaban Hanaa ba ne. Shi ya sa na liƙe takardar, na ba Osman maƙwabcinmu da zai zo umara, ya sa maka a hannu tare da ɗan ƙullin da za ka gani.

Bari in fara da aikin da ka sa ƙanwarka, don ita idan ka kira, abin da ya yi kyau kaɗai take nuna maka. Na san da kyakkyawar niyya ka yi. Ka ce tunda makaranta ta tsaya, ta koyi tace azurfa irin yadda kuke yi a shagonku, mata su riƙa kawo mata karyayyun awarwaro da zobba, ta sami sana'a a cikin gida. Ka ce kuma a fara da namu kafin a taɓa na mutane, a yi wa jaririyarka, takwarar Inna kakarka, ɗan awarwaro da azurfar Inna. Ni da kaina na kai ta bayan garken awaki inda na binne mundayen ƙafar nan biyu ranar da muka gudu. Muka tono su sun yi baƙi ƙirin, na miƙa mata ɗaya.

Ranar da ta zuba guntun da maƙeri ya yanko daga munduwar cikin ruwan wutar nan mai cin ƙarfe da aka kawo daga garin Madani, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wani jan hayaƙi ya tashi, mai wari kamar zai tsaga hanci. Na kori kaji, na kori yaran maƙwabta, na sa ta kwashe komai zuwa bayan gida ƙarƙashin darbejiya inda iska ke wucewa. Ta ce ai ka gaya mata ta yi a waje, ita ce ta yi gaggawa. Tun ranar, duk tarin da ta yi sai gabana ya faɗi. Ka ja mata kunne da kyau, don maganarka take ji, tawa kuwa sai ta ce ya Yumma kin cika tsoro.

Daga nan ta ɗaure sauran munduwar cikin ƙyalle, ta rataye ta cikin ruwan a kwanon ƙarfe mara tsatsa, ta jawo wayoyi biyu daga batirin sola, ɗaya ta maƙala wa munduwar, ɗaya ta maƙala wa bakin kwanon. Babanku ya leƙa ya ce da can kahraba, wutar lantarki, haske take kawowa, yanzu kuma ta koma cin kayan gado. Ruwan ya ɗiga a yatsun Hanaa, da rana ta taɓa su suka yi baƙi, sabulu ya kasa, toka ta kasa. Maryamu mai sayar da wainar kisra ta gan ta a bakin famfo, ta tara mata jama'a, wai an sa wa Hanaa lallen amarya ba a gayyaci kowa ba, a fito da angon a gan shi ko da gurgu ne. Hanaa ta ce mata angon yana cikin kwano, idan ya fito ba zai kalli mai kisra ba. Har yanzu matan unguwa amaryar batir suke kiranta.

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana da kyau. Da safe na je zuba wa kaji dawa, na leƙa kwanon, sai na ga wasu 'yan tsirrai farare sun fito a jikinsa suna ƙyalli, kamar gishiri ya yi reshe. Kullum ƙaruwa suke. Ruwan kuwa ya koma shuɗi, Hanaa ta ce tagullar da ke cikin munduwar ce take fita. Na tsaya ina kallo har na manta da kajin. Amma da na ɗaga ƙyallen sai na ga wani abu dabam. Munduwar ramewa take yi. Zanen da ke kanta ya fara shafewa, sai lotsawar nan ta gefe inda lauje ya taɓa samun ta a gonar auduga, ita ma ta tafi. Sai na tuna yadda Inna ta rame a ciwonta na ƙarshe, ina ɗaga mayafi kullum ina ganin ta ragu. Ranar da Hanaa ta kwance ƙyallen, babu komai ciki sai ɗan baƙin laka. Ta yi ta murna tana ɗaukar hoto, ni kuwa na shiga ɗaki na ce kaina ke ciwo.

Abin da ke cikin ƙullin nan shi ne tatacciyar azurfar da ta fito. Shuɗin ruwan na sa an zuba a jarka an toshe, an ɗora can sama inda yaro ko akuya ba za su kai ba. Hanaa ta ce guba ne, kuma na yarda. Ka gaya mata yadda za a yi da shi, don ni na kasa cewa a zubar.

To, yanzu Hanaa ta kawo mini saƙonka. Ta ce ka ce abin da ya fito bai kai yadda ka zata ba, tsohuwar ƙira ce mai tagulla da yawa, a sa ta biyun ma. Ta ce ka ce kada in damu, azurfar tana nan ba ta je ko'ina ba, dauɗa kawai aka raba ta da ita. Kai ka san aikinka, ba zan yi maka gardama a kan ƙarfe ba. Amma ka saurare ni.

Mundayen nan a ƙafar kakar Inna suka taso daga ƙasar Sakkwato, da niyyar hajji, suka tsaya nan bakin kogi tare da ita. Wannan ka sani. Abin da wataƙila ka manta shi ne naka rabon a cikinsu. Kai ne ɗan fari, don haka da aka yaye ka ɗakin Inna aka kai ka, kamar yadda ake yi. Ni ina tsakar gida ina daka, idan ka yi kuka ba na ɗaga kai, don kada a ce ba ni da kunya. Sai in kasa kunne. Idan Inna ta taso, mundayen suna bugun juna, da ka ji ƙarar sai ka yi shiru tun ba ta iso ba. Ni ma sai numfashina ya dawo, in ci gaba da daka. Da kana haƙora, zama kake a ƙafarta kana goga dasashinka a kansu, tana cewa wannan yaro maƙerin fari zai zama. Ga shi kuwa bakinta ya kama ka.

Jiya na wanke ta biyun da toka da lemon itacenka, na sa a ƙafata. Na zaga tsakar gida, na je famfo na dawo. Nauyin yana nan, amma babu ƙara, don babu 'yar'uwarta da za ta buga. Babanku ya ga ina zagaye, ya ce in ba yarinya abin nan a huta, yaro ya fi mu sanin zamani. Na ce masa a'a. Ya daɗe yana dubana, don bai saba jin haka daga gare ni ba, sannan ya ce to, in gaya maka da kaina.

Ga shi ina gaya maka. Ba zan ba Hanaa munduwar nan ba. Ta ci gaba da sana'arta, mata sun fara kawo nasu, Allah ya sa albarka. Idan abin da ke ƙullin bai isa awarwaro ba, ka yi wa jaririya 'yan kunne. Ta biyun kuwa tana ƙafata. Ban hana ka ita ba, taka ce. Amma ba ta waya za ka karɓe ta ba. Rabona da ganinka tun kafin tashin hankalin nan. Ka yi aure ban ga matarka ba sai a gilashin waya, ka haihu ban ji nauyin jikata a cinyata ba. Kullum ka kira, ina zaune a gefen Hanaa ina jin muryarka, idan ta miƙo mini in ce a gaishe ka kawai. Na san hanya da wuya, na san mai shago ba ya son ba da hutu. Ka roƙe shi. Ka zo da su, ka ajiye yarinyar nan a ƙafata ta goga dasashinta yadda ka goga naka. Bayan nan ka cire munduwar da hannunka, in ka ga dama ka sa ta cikin kwanon, ni zan riƙe maka wayar batir.

Ka gaishe mini da Rayan, ka ce ina yi mata sannu da jego, ta riƙa shan kunu da zafinsa. Ka shafa mini kan takwarar Inna. Ka gai da Sulaiman ɗan kawunka, ka ce uwarsa tana cigiyarsa. Babanku yana sa maka albarka. Kawu Mati da mutanen masallaci suna gaishe ka, Maryamu ma ta ce kada a manta da ita. Hanaa ba ta san abin da na rubuta ba, kada ka gaya mata duka.

Tun da na haife ka bakina bai taɓa kiran sunanka ba, kuma ba zai kira ba. Amma ranar da malamar ajinmu ta ce kowa ta zaɓi kalmar da za ta fara koya, ban zaɓi sunana ba.

Saifuddeen, ka zo gida.

Mahaifiyarka,
Yalwa